Maganin Kyauta: Tarihin Riga-kafin Kwamfuta da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

A watan Janairun 1986, wasu wa da ƙane masu shagon kwamfuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Amjad da Basit Farooq Alvi, suka rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja wadda duniya ta sani daga baya da sunan Brain. Ita ce ƙwayar cuta ta farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM PC, kakannin wadda ke kan teburin mai karatu a yau. Tana laɓewa ne a sashen farko na faifan fulofi, wurin da na'ura ke fara karantawa idan an kunna ta. Daga nan sai ta haye ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi kwanton ɓauna, duk faifan da aka zura bayan haka ta shafa masa. Ba ta goge fayilolin mutane, illa dai ta rage wa faifan sauri ta kuma canza masa suna. Abin da har gobe yake ba masu bincike dariya shi ne 'yan uwan sun rubuta sunayensu a cikinta, da adireshin shagonsu, da lambobin tarho, tare da sanarwar cewa duk wanda ya kamu ya tuntuɓe su a yi masa riga-kafi. Sun ce nufinsu su gano masu kwafar manhajarsu ba da izini ba. Ba a jima ba tarho ya fara ƙara, daga Amurka da Birtaniya, mutane a fusace suna neman a cire musu abin da aka saka musu.

Bayan shekara 25, a 2011, wani masanin tsaron kwamfuta ɗan ƙasar Finland, Mikko Hyppönen na kamfanin F-Secure, ya bi wannan adireshi har Lahore. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tarar da su suna nan, sun zama masu kamfanin sadarwa da intanet.

Tun ranar farko ke nan aka fara tambayar da ta bi wannan tarihi har zuwa yau: wa zai ba da maganin, kuma a kan nawa? Yawancinmu ba mu taɓa fitar da ko sisin kwabo don sayen manhajar riga-kafi ba, wadda muke kira antibairos, kuma muna ɗaukar hakan a matsayin yadda abu yake tun fil azal. Alhali kyautar nan tana da tarihi, kuma a kowane zamani akwai wanda yake biyan kuɗinta a bayan fage. Wani lokaci manyan kamfanoni ne, wani lokaci masu sa kai, wani lokaci kuma mai kwamfutar ne da kansa, ta hanyar da ba a gaya masa ba.

Tunanin manhaja mai haifar kanta ya girmi Brain. A 1949 masanin lissafi John von Neumann ya gabatar da laccoci kan yiwuwar na'urar da za ta iya kwafar kanta. A 1971 wani injiniya, Bob Thomas, ya gwada wata manhaja mai suna Creeper da ke tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta a kan ARPANET, uwar intanet, sai abokin aikinsa Ray Tomlinson ya rubuta Reaper don ta bi ta ta share. Amma wanda ya kafa abin a matsayin fannin ilimi shi ne Fred Cohen, ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya yi gwajinsa a watan Nuwamban 1983. Malaminsa Leonard Adleman ne ya raɗa wa abin sunan bairos, don kamanninsa da ƙwayar cutar da ke shiga jikin ɗan Adam ta mayar da shi wurin hayayyafarta. Cohen ya kuma tabbatar da wani abu ta hanyar lissafi wanda ya kamata a rubuta a jikin kwalin kowane antibairos: ba zai yiwu a samar da manhajar da za ta gane kowace ƙwayar cuta ba tare da kuskure ba. Duk tallan da ya yi maka alkawarin kariya ɗari bisa ɗari, da wannan hujja yake jayayya.

Maganin farko ya zo ne da sauƙin fahimta. Kowace ƙwayar cuta tana da wani jerin haruffa da lambobi da ya keɓanta da ita, kamar tsagen fuska. Mai riga-kafi zai samo ƙwayar, ya ciro wannan alama, ya saka ta a kundi, manhajarsa kuma ta riƙa bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana gwada su da kundin. Raunin wannan dabara a bayyane yake: sai wani ya fara kamuwa kafin a san alamar, kuma kundin da ya tsufa ba ya ganin sabuwar cuta. Mai gadin da aka ba hotunan ɓarayin bara ne kawai.

A Amurka, wanda ya fara gane cewa akwai kasuwa a nan shi ne John McAfee, injiniya a kamfanin Lockheed, wanda ya kafa McAfee Associates a 1987 bayan ya ci karo da labarin Brain. Dabararsa ce ta fi manhajarsa tasiri. Ya saki VirusScan a kan allunan saƙo na kwamfuta na wancan zamani, kowa ya kwafa ya ba ɗan uwansa, mai amfani a gida ba a matsa masa ba, amma kamfanoni da ma'aikatu dole su sayi lasisi. Ma'aikaci zai gwada a gida, ya kai ofis, ofis kuma ya biya. Wannan ne samfurin farko na maganin kyauta, kuma masu hali ne suke ɗaukar nauyinsa.

Sai dai kasuwar magani tana son a ji tsoron cuta. A farkon 1992 kafafen watsa labarai suka cika da batun wata ƙwayar cuta mai suna Michelangelo, wadda aka saita ta lalata faifan kwamfuta ranar 6 ga Maris, ranar haihuwar shahararren mai zanen nan na Italiya. An yi ta ambato McAfee da cewa kwamfutoci har miliyan biyar na iya kamuwa. Daga baya ya ce shi faɗi ya bayar daga dubu hamsin zuwa miliyan biyar, 'yan jarida suka ɗauki na sama. A matsayina na ɗan jarida na san yadda hakan ke faruwa, domin lamba mai girma ta fi kyau a kanun labari. Ranar ta zo ta wuce, waɗanda suka yi asara ba su wuce dubbai ba. Amma manhajar riga-kafi ta yi kasuwar da ba ta taɓa yi ba, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin McAfee ya shiga kasuwar hannun jari. Shi McAfee ya bar kamfanin a 1994, ya yi rayuwa mai cike da rigingimu, ya rasu a kurkuku kusa da Barcelona a 2021.

A ɗaya ɓangaren duniya, bayan labulen mulkin gurguzu, labarin ya ɗauki wata hanya dabam. A 1988 wani mai bincike a wata cibiyar nazarin na'urorin lissafi da ke birnin Prag, Pavel Baudiš, ya samu ƙwayar cutar Vienna a kan faifai, ya zauna ya rubuta abin da zai cire ta. Shi da abokinsa Eduard Kučera suka kafa Alwil a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa, sai a 1991, bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu, ta zama kamfani. Manhajarsu ita ce Avast. A birnin Brno na wannan ƙasa ta Chekoslovakiya aka haifi AVG, a Bratislava aka haifi NOD wadda ta zama ESET, a kudancin Jamus kuma AntiVir wadda ta zama Avira. A Mosko, Eugene Kaspersky ya shiga harkar ne a 1989 bayan ƙwayar Cascade, mai sa haruffa su riƙa zubowa ƙasan allo kamar ganyen bishiya, ta kama kwamfutarsa ta ofis. Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa sunayen da suka cika kwamfutocin gidajenmu daga baya, Avast da AVG da Avira, duk daga tsakiyar Turai suka fito. Ba su da kuɗin talla da za su kara da Symantec da McAfee, don haka suka yi gasar da abin da manyan ba sa son yi, wato bayarwa kyauta. Avast ta ɗauki wannan mataki a 2001, lokacin da kamfanin ke fama da matsin kasuwa, kuma shi ya cece shi.

Kafin a kai can, akwai wani lamari na watan Disamban 1989 da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani masanin halittu Ba'amurke da ya yi karatu a Harvard, Joseph Popp, ya aika faifan fulofi kusan 20,000 ta gidan waya zuwa ga mutane a ƙasashe daban-daban, cikinsu har da masu binciken cutar ƙanjamau, da sunan manhajar wayar da kai kan cutar. Wanda ya saka ta ba zai ga komai ba sai bayan ya kunna kwamfutarsa sau 90. A nan ne za ta ɓoye foldoji ta rikita sunayen fayiloli, ta nemi a aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Wannan ita ce manhajar neman kuɗin fansa ta farko. Ba a biya Popp abin kirki ba, domin wani masani ɗan Birtaniya, Jim Bates, ya warware ƙullin ya fitar da manhajojin gyara da aka rarraba wa waɗanda abin ya shafa. An kama Popp, amma kotun Birtaniya ta ce ba shi da lafiyar ƙwaƙwalwar da za a yi masa shari'a. Tunaninsa kuwa ya kwanta shekara ashirin da 'yan kai yana jiran abubuwa biyu da babu su a lokacin: kulle mai ƙarfi da hanyar karɓar kuɗi da ke da wuyar bi.

Zuwan intanet gidaje ya canza saurin yaɗuwa. Abin da fulofi ke ɗaukar watanni yana kaiwa, imel ya riƙa kaiwa cikin awoyi. Melissa ta fito a watan Maris na 1999 tana aika kanta ga mutum 50 na farko a kundin adireshin wanda ya buɗe ta. A watan Mayun 2000 sai ga ILOVEYOU daga birnin Manila, saƙo mai ɗauke da abin da ya yi kama da wasiƙar soyayya. Windows a lokacin yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, don haka abin da yake manhaja ce mai aiki sai ya bayyana kamar rubutu zalla. Ma'aikatu da majalisu da kamfanoni suka rufe imel ɗinsu. Wanda ya rubuta ta, Onel de Guzman, ɗalibi ne da makarantarsa ta ƙi amincewa da shawarar aikinsa na kammala karatu, domin manhaja ce ta satar kalmomin sirrin shiga intanet. Ba a hukunta shi ba, saboda ƙasar Filifins ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi. Sai a wata mai zuwa aka kafa ta. A 2020 ɗan jaridar Birtaniya Geoff White ya same shi a wani ɗan shagon gyaran waya a Manila, inda ya amsa cewa shi ne, ya kuma ce intanet kawai yake so ya samu ba tare da biya ba.

Waɗannan shekaru ne, daga 1999 zuwa wajen 2008, suka zama zamanin masu sa kai. Manyan antibairos na kuɗi sun makara wajen gane sabuwar matsala, wato manhajojin leƙen asiri da na talla da ke maƙalewa a burauza. Ad-Aware ta cike giɓin, haka Spybot wadda wani ɗalibi Bajamushe, Patrick Kolla, ya fara a 2000. ZoneAlarm ta ba mutanen gida katangar tsaro kyauta. Tomasz Kojm a Poland ya fitar da ClamAV wadda kowa zai iya duba cikinta ya gyara. A 2004 wani kamfani a Malaga ta ƙasar Sifaniya ya buɗe VirusTotal, inda mutum zai ɗora fayil a gwada shi da antibairos da dama lokaci guda. Google ya saye shi a 2012, kuma har yanzu kyauta ne, yana amfani da injuna fiye da 70. A wannan shekara ta 2004 ne kwamfutar gidan wani yaro ɗan shekara 14 a Amurka, Marcin Kleczynski, ta kamu duk da cewa akwai antibairos a kanta. Baƙin da bai taɓa gani ba ne suka taimake shi a intanet har ya gyara ta. Daga nan ya shiga harkar, kuma a 2008 ya kafa Malwarebytes.

Ina Microsoft yake a duk wannan lokaci? Shi ne mai gidan da ake ta fasawa. Ya taɓa saka wani ɗan antibairos a MS-DOS 6 a 1993, sannan ya bar fagen ga wasu. Windows XP ya fito a 2001 da katangar tsaro a cikinsa, amma a kashe. A watan Janairun 2002 Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa takardar da ta ce daga yanzu tsaro ne gaba da sababbin abubuwan ƙawa, sai dai kafin umarnin ya yi tasiri, Blaster ta iso a watan Agustan 2003. Ita ba ta buƙatar ka buɗe komai. Haɗa kwamfuta da intanet kaɗai ya isa, sai ka ga saƙo ya fito yana ƙirga daƙiƙa 60 kafin na'urar ta kashe kanta. Bayan wannan ne kamfanin ya fara fitar da faci a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, ya kunna katangar tsaro a babban gyaran XP na 2004, ya kuma sayi kamfanin Giant, wanda manhajarsa ta zama Windows Defender. Ya fara gwada sayar da kariya da sunan OneCare, abin da mutane da yawa suka kalla a matsayin magini ya gina ɗaki mai yoyo sannan ya dawo yana sayar da bokiti. Bai yi kasuwa ba. A watan Satumban 2009 ya saki Security Essentials kyauta, a 2012 kuma ya dasa cikakken antibairos a cikin Windows 8.

Mu a nan, ta wata ƙofa cutar ta fi shigo mana. Intanet ɗin gida ya yi tsada, don haka rayuwar kwamfuta ta ta'allaƙa ne a kan kafe da bizines santa, kuma abin da ke yawo tsakaninsu shi ne filash. Windows na lokacin yana da ɗabi'ar buɗe wani fayil da kansa da zarar an soka filash, don sauƙaƙa wa mai amfani, ƙwayoyin cuta irin su Conficker ta 2008 kuwa suka mayar da hakan abin hawa. Sai a Windows 7 aka toshe ƙofar, tsofaffin kuma aka tura musu gyara a 2011, gyaran da kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba ba za ta samu ba. Na ɗanɗani nawa rabon a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Na kai filash wani shago a bakin makaranta don a buga mini babi na huɗu na furojet, na dawo ɗaki na tarar duk foldojina sun koma gajerun hanyoyi marasa komai a ciki. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Wani ɗan ajinmu ne ya nuna mini cewa fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, ya rubuta umarni layi ɗaya a baƙin allo suka dawo. A shagon kuwa akwai antibairos, da alamarsa tana walƙiya a kusurwar allo, amma kundinsa ya shekara ba a sabunta ba. Ba mamaki Smadav, wata 'yar manhaja daga Indonesiya da aka ƙera musamman don cututtukan filash, ta samu karɓuwa a wurinmu fiye da yadda ta samu a Turai. Yanayinsu da namu ɗaya ne.

Kalmar kyauta kanta ta zama tarko. A tsakiyar shekarun 2000 aka fara ganin shafukan da ke nuna kamar suna binciken kwamfutarka, su ce sun gano cututtuka goma sha, su nemi ka biya a cire. Babu binciken da aka yi, hoto ne mai motsi. A ƙarshen 2008 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta gurfanar da masu WinFixer da ire-irenta, tana zarginsu da yaudarar mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan dala miliyan 163. Har yau wannan dabara tana raye, kuma alamarta ba ta canza ba: shafin intanet ba ya iya binciken faifanka daga buɗewa kawai, don haka duk wanda ya yi maka ihun cewa ka kamu, shi ne abin gudu.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ya fito daga gidajen da aka amince da su. Kula da ɗaruruwan miliyoyin masu amfani kyauta yana cin kuɗi. Wani ɓangare na riba yana zuwa daga 'yan ƙalilan da ke komawa samfurin biya, kuma kowace kwamfuta ta kyauta tana aiki kamar ɗan leƙen asiri mai kawo samfurin sabuwar cuta, wanda hakan ciniki ne mai ma'ana. Amma antibairos yana ganin komai, har da duk shafin da ka buɗe. A watan Janairun 2020 binciken haɗin gwiwa na Motherboard da PCMag ya nuna cewa Avast, wadda ta sayi AVG a 2016 a kan dala biliyan 1.3, tana sayar da bayanan yawon masu amfani da ita a intanet ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot. Cikin kwanaki kamfanin ya rufe reshen ya nemi afuwa. A watan Fabrairun 2024 FTC ta sanar da cewa zai biya dala miliyan 16.5, ta kuma haramta masa sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Kafin wannan, a 2017, masu kutse sun shiga inda ake harhaɗa CCleaner, manhajar share tarkace da miliyoyi ke so, suka dasa muguwar manhaja a cikin sahihin kwafi, mutum miliyan 2.27 suka sauke ta daga hannun mai ita. Yau Norton da Avast da AVG da Avira da CCleaner duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital. Wanda ya cire ɗaya ya saka ɗaya yana ganin ya canza gida, ɗaki kawai ya canza.

A ganina, ranar da ta fi kowace koyar da mai kwamfutar gida ita ce Juma'a 12 ga Mayun 2017. WannaCry ta haɗa tunanin Popp da saurin Blaster: tana kulle fayiloli, ta nemi dala 300 a kuɗin Bitcoin, kuma tana yaɗa kanta ta wata kafa a Windows da Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, NSA, ta gano ta ajiye wa kanta har aka sace aka watsa. Ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150. Asibitocin gwamnatin Birtaniya sun soke ganin likita kusan 19,000. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura cewa cutar tana neman wani adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba, ya yi masa rajista da abin da bai kai dala 11 ba, yaɗuwar ta tsaya. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. To amma ga inda gizo ke saƙar: Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin, kyauta. Mafi yawan waɗanda suka kamu suna kan Windows 7 ne, wanda facin ya shafa, ba su dai saka ba. Shekara uku kafin haka, a 2014, wani babban jami'in Symantec, Brian Dye, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa antibairos na gargajiya ya mutu, yana kama kashi 45 cikin ɗari ne kawai na hare-hare. Mai sayar da maganin ne da bakinsa.

Wannan ya dawo da mu kan teburin mai karatu. Defender da aka daɗe ana yi wa dariya saboda ƙarancin maki a gwaje-gwajen cibiyoyi masu zaman kansu, irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Austriya, ya kamo manyan tun wajen 2019. Ga mai amfani na gida, ra'ayina shi ne ya wadatar, muddin yana kunne kuma yana samun sabuntawa, kuma tara antibairos biyu masu gadi lokaci guda rikici ne kawai yake haifarwa. Malwarebytes ta kyauta tana da amfani a matsayin likita na biyu idan an yi zargi. Fayil ɗin da ba a yarda da shi ba ana iya gwada shi a VirusTotal, amma kada a ɗora takardar sirri, domin abin da aka ɗora masu bincike suna iya gani. Wanda aka kulle wa fayiloli ya leƙa No More Ransom, shirin da 'yan sandan Holan da Europol suka kafa tare da Kaspersky da Intel Security a 2016, wanda ke raba mabuɗan wasu nau'o'in cutar kyauta. Ba duka yake buɗewa ba, shi ya sa kwafin hotunan iyali da takardun makaranta a faifan da ba ya maƙale da kwamfutar ya fi kowane antibairos daraja a ranar da abin ya faru.

Matsalarmu ta musamman tana wani wuri. Yawancin laftof ɗin da ke gidajenmu na hannu ne, kuma sau da yawa mai saitawa ya saka Windows da Office marasa lasisi. Manhajar da ke fasa lasisin takan buƙaci a kashe Defender tukuna, mutane da dama kuma ba sa sake kunna shi. Sannan a kashe sabuntawa don kada ta cinye data. Na fahimci dalilin, data ba ta da arha. Amma wanda ya yi haka ya mayar da kwamfutarsa yanayin waɗanda WannaCry ta kama, da hannunsa.

Ga kuma sabon wa'adi. Microsoft ya daina tallafa wa XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Ya buɗe shirin ƙarin shekara guda na facin tsaro ga masu amfani na gida, sai dai ƙarin lokaci ne kawai. Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da na'urar sarrafawa ta baya-bayan nan, abin da tsofaffin laftof da yawa ba su da shi. Irin waɗannan ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallamarwa, kuma mun san kasuwannin da suke sauka. Wanda zai sayi ta hannu yanzu ya tambayi mai shago ko tana ɗaukar Windows 11 ba tare da dabara ba, ya kuma sa a nuna masa a allo kafin ya biya. Wadda ba ta ɗauka tana da sauran hanya ɗaya ta kyauta, wato a sauke mata Linux, irin su Ubuntu ko Mint, waɗanda ke ci gaba da samun faci a kan tsofaffin na'urori. Tsohuwar laftof ɗin da na rubuta furojet ɗina a kanta, da Mint take aiki yanzu, a hannun ƙanwata.